Almakashi Ɗaya a Jikin Sauro, Masara da Ɗan Adam

A watan Disamba na 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da izinin fesa wani maganin ƙwari da bai yi kama da waɗanda manoma suka saba da su ba. Sunan sinadarin ledprona, ana sayar da shi da sunan Calantha, an kuma yi shi ne domin wani buzuzu mai cinye ganyen dankalin Turawa, wanda ake kira buzuzun Colorado. Abin da ke cikin kwalbar ba guba ba ce irin mai shanye jijiyar ƙwaro. RNA ne, wato irin saƙon da kowace ƙwayar halitta ke rubutawa dare da rana. Idan ƙwaron ya ci ganyen, wani furotin na jikinsa mai suna Dicer shi zai daddatsa saƙon, guntayen kuma su ja jikin ƙwaron ya rufe bakin wata ƙwayar gadonsa da ba ya rayuwa sai da ita. To amma Dicer ɗin nan ba na buzuzu ba ne shi kaɗai. Akwai shi a jikin sauro da ƙudan zuma, akwai shi a masara, akwai shi a jikin ɗan Adam, kuma ɗan uwansa na nesa yana cikin bakteriya. Wanda ya ji haka yakan yanke ɗaya daga cikin hukunci biyu: ko dai ya ce abin da zai kashe ƙwaro ta wannan hanya zai taɓa mutum, ko kuma ya ce an sami makamin da zai gama da kowane ƙwaron gona. A ganina duka biyun kuskure ne, kuma tushensu ɗaya, wato ɗaukar zumunta a matsayin zama abu ɗaya. Kama da wane ba ta wane, kuma a wannan dangi bambancin da ke tsakanin 'yan uwa shi ke yanke hukuncin wanda zai mutu da wanda zai tsira.

A cikin kowace ƙwayar halitta DNA ne ke riƙe da bayanan gado, amma ba shi ke fita aiki ba. Ana kwafo abin da ake bukata a cikin RNA, daga RNA kuma a haɗa furotin. Saƙon da ya gama aikinsa dole a rushe shi, wanda aka rubuta da tsayi dole a rage shi, wanda baƙo ya shigo da shi dole a tare shi. Furotin masu wannan aiki na yanka RNA su ake kira ribonukiliyas, a taƙaice RNase, kuma dangogi ne da yawa waɗanda ba su haɗa asali ba. Wanda ya fi suna a cikinsu, RNase A, da aka fara tatsowa daga tumfafiyar cikin shanu mai taimakon narkar da abinci, aka kuma ba Christian Anfinsen da Stanford Moore da William Stein kyautar Nobel a 1972 saboda bincike a kansa, dangin dabbobi masu ƙashin baya ne, ƙwari ba su da shi. Akwai dangin T2 da aka gano a Japan a 1957 cikin fumfunar da ake yin miyar waken suya da ita, wanda ke jikin ƙuda da mutum, kuma wasu tsirrai dangin taba da tumatir ke amfani da shi wajen ƙin karɓar garin furensu na kansu. Amma dangin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne RNase III, domin shi ne ya ƙware a kan abu ɗaya da sauran ba su damu da shi ba: RNA mai zare biyu a haɗe.

An gano na farkonsu a 1968 a Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York, lokacin da Hugh Robertson da Robert Webster da Norton Zinder suka ware shi daga bakteriyar E. coli, wadda ke zaune a hanjin kowa. A bakteriya aikinsa na gida ne: yana datse dogon RNA da za a gina injin haɗa furotin da shi, yana kuma daidaita yawan wasu saƙonni. Yadda yake yanka kuwa yana da alama tasa. Furotin biyu iri ɗaya ne ke haɗuwa, kowanne ya yanke zare ɗaya da taimakon sinadarin maganiziyam, amma ba sa yanka daidai wuri ɗaya, sai a bar haruffa biyu suna leƙe a bakin guntun. Shekaru sama da 30 aka yi ana ganin wannan furotin a matsayin ƙaramin ma'aikacin bakteriya. Ko da yake daga baya, a 2011, ɗakin binciken Emmanuelle Charpentier ya nuna cewa shi ne ke gyara RNA mai jagorantar furotin Cas9 a cikin bakteriya, wato yana da hannu a tsarin CRISPR na gyara ƙwayoyin gado da ya sa aka ba ta Nobel tare da Jennifer Doudna a 2020.

Abin da ya fito da darajar dangin ya zo ne ta wata hanya daban. A 1990 masu bincike a Amurka suka ƙara wa furen petuniya ƙwayar gadon launi don ya ƙara duhu, sai wasu furanni suka fito farare fat. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna a jikin wata 'yar tsutsar ƙasa cewa RNA mai zare biyu ne ke rufe bakin duk ƙwayar gadon da haruffansa suka dace da ita, binciken da ya kai su ga Nobel a 2006. A 1999 Andrew Hamilton da David Baulcombe a Ingila suka ga ƙananan guntayen RNA a tsirran da hakan ta faru gare su. Saura a san mai yankan. A 2001 Emily Bernstein, a ɗakin binciken Gregory Hannon da ke Cold Spring Harbor, ta same shi a ƙwayoyin halittar ƙudan 'ya'yan itace, sai ga shi ɗan dangin RNase III ne, aka sa masa suna Dicer. Bayan shekara biyu ɗakin binciken Narry Kim a Koriya ta Kudu ya bayyana aikin wani ɗan uwan, Drosha. RNase III na E. coli tubalan amino asid 226 gare shi, Dicer na mutum kuwa 1,922, amma a tsakiyar wannan doguwar sarƙa akwai kwafi biyu na wancan tsohon sashe mai yanka, sun naɗe sun haɗu kamar yadda na bakteriya ke haɗuwa. Sauran ƙarin da aka yi masa kayan aiki ne. Tela ba almakashi kaɗai yake riƙewa ba, yana da abin awo, haka shi ma Dicer yana da sashen da ke kama bakin zaren ya auna tsayi kafin ya yanka, shi ya sa guntayen ke fitowa kusan tsayi ɗaya, haruffa 21 zuwa 25 gwargwadon halittar. Ɗakin binciken Doudna ne ya nuna siffar wannan awo a 2006, a Dicer na Giardia, ƙwayar da ke sa gudawa.

Mai shakka zai iya cewa aiki iri ɗaya ba hujjar asali ɗaya ba ne, tunda jemage da tsuntsu duk suna tashi ba tare da sun gaji fiffike daga wuri ɗaya ba. Tambaya ce mai kyau, amma a nan shaidar ta wuce kamannin aiki. Jerin amino asid ɗin da ke riƙe maganiziyam a wurin yankan yana maimaituwa daga bakteriya har mutum, naɗin furotin ɗin iri ɗaya ne, kuma haruffa biyun nan masu leƙe suna nan a bakin duk guntun da Dicer ko Drosha ya yanka. Sauran dangogin RNase, waɗanda su ma RNA suke yanka, ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi. Kuma jiki ba ya wasa da wannan gado. Ɓeran da aka cire wa Dicer tun yana ɗan tayi ba ya kai wa haihuwa, kamar yadda aka nuna a 2003. A mutum, tawayar kwafi ɗaya na ƙwayar gadon DICER1 tana jawo haɗarin wasu ciwace-ciwacen daji na yara, musamman wani na huhu, wanda aka danganta da ita a 2009. Dalili kuwa shi ne Drosha da Dicer su ke fitar da ƙananan RNA masu daidaita girman jiki, waɗanda Victor Ambros da Gary Ruvkun suka karɓi Nobel a kansu a 2024. Zumuntar dai gaskiya ce, kuma mai zurfi ce. Inda ake ɓata shi ne a tsaya nan.

Mutum Dicer ɗaya gare shi. Ƙaramin tsiron Arabidopsis da masana ke yawan bincike a kansa yana da huɗu. Ƙuda da sauro suna da biyu, kuma a 2004 ɗakin binciken Richard Carthew ya nuna cewa sun raba aiki: Dicer-1 na kula da ƙananan RNA na girman jiki, Dicer-2 kuma na datse dogon RNA mai zare biyu. Daga ina irin wannan dogon zare ke zuwa? Galibi daga ƙwayoyin bairos, domin mafi yawan masu ɗauke da RNA sai sun bi ta matakin zare biyu kafin su hayayyafa. Ƙwaro ba shi da irin garkuwar da jininmu ke haɗawa bayan rigakafi, don haka Dicer-2 ne babban mai gadinsa. Yana yanka RNA na bairos guntu-guntu mai haruffa 21, ya miƙa wa wani furotin mai suna Argonaute-2, shi kuma ya riƙe guntun a matsayin shaida yana neman duk saƙon da ya dace da shi yana sarewa. A 2006 ƙungiyoyin bincike a Faransa da Amurka suka nuna cewa ƙudan da ba shi da Dicer-2 yana girma lafiya lau, amma bairos na kashe shi da wuri. A shekarar dai Darren Obbard da abokan aikinsa a Edinburgh suka auna saurin canjin ƙwayoyin gadon ƙuda, suka tarar Dicer-2 da abokan aikinsa biyu suna cikin kashi 3 cikin 100 mafi saurin canzawa, alhali Dicer-1 bai cika motsawa ba. Wannan sakamako, a ganina, shi ne zuciyar maganar. A jikin ƙwaro guda akwai 'yan gida ɗaya biyu, ɗaya ya daɗe bai sauya ba, ɗayan kuma kullum cikin sauyi yake, saboda bairos ma ba ya zaune: wani, irin Flock House, yana haɗa furotin B2 da ke lulluɓe zaren don kada a yanka shi, mai gadi kuma dole ya canza salo.

Wannan faɗa ba a kwalbar ɗakin bincike kaɗai yake ba, yana cikin sauron da ke cizon mutane. Mutum ya taɓa tambayar kansa me ya sa bairos ɗin shawara ko na zazzaɓin dengi ke kwantar da babban mutum amma sauron da ya ɗauko shi yana yawonsa? Babban ɓangare na amsar yana nan. A 2004 aka nuna a sauron Anopheles gambiae, wanda shi ne babban mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka, cewa idan aka raunana wannan hanya sai bairos ɗin o'nyong-nyong ya ƙaru a jikinsa, bairos ɗin da ya haddasa annobar ciwon gaɓoɓi da ta faro daga Yuganda a 1959. A 2009 aka ga irin haka a sauron Aedes aegypti da dengi: rage Dicer-2 ya sa bairos ya yawaita, ya kuma isa yawun sauron da wuri. A 2008 kuwa ɗakin binciken Kevin Myles ya ɗora wa bairos ɗin Sindbis furotin B2, sai bairos ɗin da sauro ke ɗauka ba tare da wata illa ba ya koma mai kashe shi. Ko ƙwayoyin halittar sauro da ake kira C6/36, waɗanda ɗakunan gwaji suka daɗe suna renon bairos a cikinsu saboda yana bunƙasa sosai, a 2010 aka gane Dicer-2 ɗinsu ne ya lalace. Ma'anar wannan ba mai daɗi ba ce a gare mu. Dicer-2 ba ya wanke sauro daga bairos, rage shi kawai yake yi zuwa matakin da sauron zai rayu, sauro mai rai kuwa shi ke cizo.

Akwai kuma waɗanda suka yar da gadon gaba ɗaya, abin da ke karya zaton cewa duk abin da ya yaɗu a halittu ba a rayuwa sai da shi. Yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi ba shi da Dicer ba shi da Argonaute, ko da yake ya riƙe wani RNase III na aikin gida. A 2009 ɗakin binciken David Bartel ya ɗauko waɗannan ƙwayoyin gado biyu daga wani yis ɗan uwansa ya saka masa, hanyar ta farfaɗo ta kama aiki. Bayan shekara biyu suka nuna abin da yis ɗin ya samu da ya rabu da ita: yana ɗauke da wani bairos mai zare biyu da ke ba shi gubar kashe abokan gasa, kuma da zarar Dicer ya dawo sai bairos ɗin ya ɓace, makamin ya tafi. Ƙwayar Plasmodium mai sa zazzaɓin cizon sauro ita ma ba ta da wannan hanya, shi ya sa masu bincike ba sa iya rufe bakin ƙwayoyin gadonta da RNA. Ƙwayar Trypanosoma brucei da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai sa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, tana da ita, tun 1998 aka gano haka a Jami'ar Yale, amma 'yar uwarta ta Kudancin Amurka, Trypanosoma cruzi, ta rasa ta.

Da wannan a zuciya sai a koma ga maganin ƙwari. A 2007 aka buga bincike biyu da suka nuna cewa tsiron da aka sa ya haɗa RNA mai zare biyu zai iya cutar da ƙwaron da ya ci shi. A 2017 Amurka ta amince da masarar SmartStax PRO, mai ɗauke da zaren da ya dace da ƙwayar gadon Snf7 ta buzuzun da tsutsarsa ke cin saiwar masara. Mai tsoro zai ce, tunda mutum ma yana da Dicer kuma yana da irin Snf7, me zai hana abin ya same shi? Abubuwa da dama. Dicer ba ya kashe kowa, yanka kawai yake yi, kuma guntun ba ya aiki sai haruffansa sun dace da saƙon da ake nufi, kusan 21 a jere, abin da ake iya bincikawa a kwamfuta kafin a haɗa maganin. Kafin a kai ga haka ma sai zaren ya tsallake yawu da ruwan ciki da hanji da jini, dukkansu cike da RNase, sannan ya ratsa cikin ƙwayar halitta. Kowace loma ta tuwo ko ganye tana ɗauke da RNA na tsiro, har da mai zare biyu, kuma haka ɗan Adam ke ci tun farko. A 2012 masu bincike a Nanjin ta ƙasar Sin sun ce sun ga wani ƙaramin RNA na shinkafa yana aiki a hantar ɓera, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun kasa tabbatar da haka. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce wahalar da masu haɗa magani suka sha: shekara 20 aka yi daga binciken Fire da Mello kafin a amince da maganin farko na wannan hanya, patisiran, a 2018, kuma sai da aka naɗe shi cikin ƙwayoyin kitse aka saka ta jijiya kafin ya isa hanta. Inda mai tsoro ke da gaskiya shi ne kan sauran ƙwari. Buzuzu mai amfani da ke kusa da wanda ake hari yana iya raba haruffa da shi, kuma yawancin alƙaluman farko kan saurin ruɓewar zaren a ƙasa da rashin illarsa ga ƙudan zuma daga kamfanin da ya yi irin suka fito. Wannan dalili ne na neman gwaji mai zaman kansa, ba dalilin cewa Dicer na mutum zai juya masa baya ba.

Kuskuren mai ɗoki ya fi damuna, domin shi ne zai iya cin kuɗin manomi. Dubi magungunan ƙwari biyun da aka ambata: duk a kan buzuzu suke, kuma buzuzu na gida ɗaya. Ba haɗuwar sa'a ba ce. Ƙwayoyin hanjin waɗannan buzuzu suna shan zaren da sauƙi, suna sakin sa inda Dicer-2 zai same shi, har ma a 2018 ɗakin binciken Subba Reddy Palli a Kentucky ya gano wani furotin mataimaki, StaufenC, wanda buzuzu ke da shi, tsutsotsin malam-buɗe-littafi kuma ba su da shi. Su waɗannan tsutsotsi suna da Dicer-2 lafiyayye, amma saƙon ba ya isa gare shi. Ruwan hanjinsu da jininsu na ɗauke da wasu furotin masu narkar da zaren kafin ya shiga, wanda ya shiga kuma yakan maƙale cikin 'yan jakunkunan ƙwayar halitta, kamar yadda aka gani a 2016 a ƙwayoyin da aka samo daga tsutsar masara. Tun a 2011 wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje sama da 150 a wannan rukuni ya nuna sakamakon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Fara ma haka take ta wani ɓangare: idan aka yi wa farar hamada allurar zaren yana aiki sosai, idan ta ci ta baki kuwa hanjinta ya narkar da shi, ba wanda kuma zai bi garken fara da allura. Yanzu a lissafa maƙiyan manominmu. Tsutsar masara da aka fara ba da rahotonta a Afirka a farkon 2016, a Najeriya. Tsutsar Tuta absoluta da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a shekarar. Tsutsar Maruca mai huda furen wake da kwansonsa. Dukkansu 'ya'yan malam-buɗe-littafi ne. Sai fara, wadda manomin Sahel ya sani tun kaka da kakanni. Wato manyan ƙwarin da suka fi yi mana ɓarna suna cikin rukunin da wannan fasaha ta fi kasawa a kansa, kuma ba abin mamaki ba ne cewa waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019 domin Maruca da furotin Bt yake aiki, ba da RNA ba.

Ko a buzuzun ma nasarar ba ta dindindin ba ce. A 2018 masu binciken Monsanto, kamfanin da ya yi irin masarar, da kansu suka buga cewa sun reno buzuzun saiwar masara mai jure maganin ninki 130, kuma abin da ya canza shi ne hanjinsa ya daina shan zaren. A 2021 a Jami'ar Tennessee aka sami buzuzun Colorado mai juriya ninki sama da 11,000 bayan zaɓe tara kacal. Wannan ya rusa wani alkawari da ake yi da farko, cewa idan ƙwaro ya saba da zare ɗaya sai a canza haruffa a harbi wata ƙwayar gadon. Idan ƙofar ce aka rufe, duk saƙon da aka aika a waje zai tsaya.

Za a iya cewa, to in haka ne me ya kai mu ga ɓata lokaci a kan fasahar da aka ƙera don gonakin Amurka? Ban yarda da wannan ba, saboda hujjar da ta hana ɗoki ita ce kuma ta hana yanke ƙauna: hukuncin na kowane ƙwaro ne shi kaɗai. Muna da namu buzuzun. Ƙwaron da ke huda wake a rumbu gida ɗaya yake da buzuzun Colorado, ko da yake tsutsarsa a cikin ƙwayar wake take ɓuya, inda feshi ba ya kai wa, kuma buhun PICS mai hana iska shiga yana maganinsa da arha. Ƙwarin da ke huda dankalin Hausa su ma buzuzu ne, kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Ghent ta Beljiyam ya nuna darasin nan a sarari: a jinsuna biyu na Afirka, Cylas brunneus ya fi saurin mutuwa da zaren da ya ci, Cylas puncticollis kuwa hanjinsa ya fi narkar da shi, sai da aka rufe bakin furotin mai narkarwar sannan maganin ya ƙara kama shi. Ƙwari biyu 'yan gida ɗaya, a kan amfanin gona ɗaya, amsa biyu. Ana kuma ƙoƙarin naɗe zaren cikin abubuwan da za su tsallakar da shi daga hanjin tsutsa, wanda in ya yi nasara lissafin zai canza. Amma babu wanda zai iya faɗa daga nesa ko zai yi aiki a kan tsutsar da ke gonar Giwa ko ta Maraɗi, cikin zafin rana da ke lalata RNA da wuri.

Saboda haka tambayar da ya kamata hukumar kula da lafiyar fasahar halittu ta Najeriya, wadda aka kafa a 2015, da takwarorinta na maƙwabta su riƙa yi wa duk mai kawo irin wannan magani ba ita ce ko ƙwaron yana da Dicer ba, domin kusan kowane ƙwaro yana da shi. Su tambayi ko zaren yana tsira a hanjin wannan ƙwaro, ko haruffansa sun dace da na ƙudan zuma da sauran ƙwari masu amfani na yankinmu, waɗanda da yawansu ba a karanta ƙwayoyin gadonsu ba tukuna, da kuma shirin da aka yi wa ranar da juriya za ta ɓulla. Samaru da tashar IITA ta Kano da INRAN ta Nijar suna da gonakin gwaji da masana ƙwari. Gwajin ko ruwan hanjin tsutsa yana narkar da RNA ba ya bukatar manyan injuna, aikin ɗalibin digiri na biyu ne idan an ba shi kayan aiki da wutar lantarki. A ba su kuɗin yin sa tun kafin kwalaben su iso kasuwa.